Mun Ga Kwalbar Kodin, To Mai Ciwon Fa? Sharhi Kan Fim ɗin "Sweet Sweet Codeine"

Ranar 30 ga Afrilu, 2018, sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ya saki wani fim mai suna "Sweet Sweet Codeine", wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta gabatar. Kashegari, 1 ga Mayu, ma'aikatar lafiya ta tarayya ƙarƙashin Farfesa Isaac Adewole ta sanar da hana shigo da kodin don haɗa maganin tari. Cikin 'yan kwanaki hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na wani lokaci: Emzor a Legas, da Peace Standard da Bioraj a Ilori. Da wuya ka samu aikin jarida a ƙasar nan da ya motsa gwamnati da sauri haka.

Mai karatu, idan a Kano kake, ka san fim ɗin bai yi ƙarya ba. Kowa ya ga kwalaben nan a kwata da bayan makarantu. Amma tun daga lokacin, hoton da ke zuwa wa yawancinmu idan aka ce kodin ko tiramol guda ɗaya ne: matashi a buge, ido ya kaɗa, baki na dalala. Wannan hoto ya shiga kan iyaye, ya shiga kan masu wa'azi, ya shiga har kan wasu ma'aikatan asibiti. Akwai mutumin da ba ya cikin hoton, shi ne wanda ke kwana yana tashi da raɗaɗi wata da watanni, wani ma shekaru. A kansa nake so mu auna fim ɗin da irin tunanin da ya bar mana.

Abin da fim ɗin ya yi daidai

A ba shi haƙƙinsa tukuna. Da ɓoyayyar kyamara ya nuna cewa kwalaben ba daga sama suke faɗowa ba, ma'aikatan wasu kamfanonin magani ne da kansu ke sayar da su ta bayan fage ba tare da takardar likita ba. Ya ɗauke laifin daga kan yaron unguwa kaɗai, ya kai shi inda kuɗin yake. Wannan babban aiki ne. Kuma a kimiyyance, hana maganin tari mai kodin ba wata asara ba ce ga maras lafiya, domin gwaje-gwaje sun daɗe da nuna cewa amfaninsa ga tarin mura kaɗan ne ƙwarai.

Matsalar ta fara ne daga abin da kyamara ke iya ɗauka. Kwalba tana ɗaukuwa. Kuɗi suna sauya hannu, suna ɗaukuwa. Matasan da aka ɗaure da mari a wani gidan gyaran hali a Kano, waɗanda fim ɗin ya nuna, sun ɗauku har sun girgiza duniya. Raɗaɗi kuwa ba ya ɗaukuwa. Dattijuwar da ƙugunta ya hana ta ruku'u shekara biyar, a kyamara tsohuwa ce kawai zaune a kan tabarma.

Kwalba miliyan uku

Akwai wani adadi da ya yi ta yawo tare da fim ɗin. A watan Oktoba na 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalba miliyan uku na kodin kullum a jihohin Kano da Jigawa. Jaridu suka ɗauka, har yau ana maimaitawa.

To mu ɗan yi lissafi. Miliyan uku a rana, a shekara ya haura kwalba biliyan ɗaya. Idan kowace kwalba mililita 100 ce, ana maganar lita 300,000 kenan kullum. A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken shaye-shaye na ƙasa, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 2.4 ne a duk faɗin Najeriya suka sha maganin tari don maye a cikin shekara guda. Ka ga kwalaben da aka ce jihohi biyu na shanyewa a yini ɗaya sun fi yawan dukkan mashayan ƙasar na shekara. Gaskiya ne wanda ya yi nisa yakan sha kwalba fiye da ɗaya a rana, amma ko da haka lissafin yana ɗingishi.

Me ya sa wannan ya dame ni? Saboda adadi mai firgitarwa yakan haifar da doka ta firgici. Wanda ya firgita ba ya tsayawa tantance wane ne mashayi, wane ne majinyaci. Shi dai a kulle komai.

Mene ne waɗannan magunguna suke yi a jiki?

Kodin, tiramadol da muke kira tiramol, mofin, fentazosin, duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyom. Kakansu mofin, wani Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya tace shi daga ƙaron furen ofiyom a farkon shekarun 1800. A 1973 masana suka gano cewa a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya akwai wasu 'yan ƙofofi da waɗannan magunguna ke maƙalewa. A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera nasa sinadaran da ke buɗe waɗannan ƙofofi. Wato maganin kwaikwayon abin da ke jikinka yake yi, sai dai da ƙarfin da ya wuce na jiki. Yana rage saƙon ciwo kafin ya isa ƙwaƙwalwa, yana kuma rage damuwar da ciwon ke jawowa. A lokaci guda yana rage numfashi, kuma ta nan yake kisa idan ya yi yawa.

Kodin shi kaɗai ba shi da wani ƙarfi, sai hanta ta juya wani sashe nasa ya zama mofin. Saurin juyawar nan gado ne. Wani hantarsa ba ta juyawa sam, ya sha bai ji komai ba. Wani kuma tana juyawa da gaggawa, kaɗan ya ishe shi shiga haɗari. A Habasha an samu kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen da aka gwada suna cikin masu gaggawar nan. Shi ya sa "ai wane ya sha bai yi masa komai ba" ba hujja ba ce.

Yanzu ga abubuwa uku da muke cuɗawa wuri ɗaya mu kira su shaye-shaye, alhali kowanne daban.

Na farko sabon jiki. Idan an daɗe ana shan maganin, ƙofofin nan sukan rage amsawa, sai ƙwaya ɗaya ta daina yin aikin da take yi da.

Na biyu dogaron jiki. Jiki ya daidaita kansa da maganin, idan aka yanke shi farat ɗaya sai hamma, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso. Wannan yana iya samun duk wanda ya sha maganin kullum na wasu makonni, ko liman ne ko likita. Ba lalacewar tarbiyya ba ce.

Na uku jaraba. Ita ce lokacin da mutum ya kasa riƙe linzami, yana sha duk da ya ga tana rusa masa gida da sana'a, tunaninsa kullum yadda zai samu. Jaraba cuta ce mai magani, kuma ba kowane mai dogaro ne ke da ita ba.

Fim ɗin na ukun ya nuna mana. Mu kuma muka ɗauki hukuncin na ukun muka yanke wa na ɗaya da na biyu.

Mu je Minjibir

Ɗauki Ƙaramar Hukumar Minjibir, mai mutum 213,794 a ƙidayar 2006. Tana cikin yankin nan na kewayen Kano inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, kuma yawancin aikin da hannu ake yinsa. Kai taki, huɗa, noman farko, maimai, girbin gero da dawa, cirar gyaɗa. Damina na wucewa masu noman rani a gefen dam ɗin Wasai su ɗora. Mata ga daka, ga ɗiban ruwa, ga haihuwa kusa da kusa. Jikin da ya yi shekara talatin a sunkuye, dole wata rana ya yi magana. Jiki magayi.

A irin wannan wuri, masu fama da ciwo mai naci, wato wanda ya wuce wata uku kamar yadda likitoci suka ƙayyade, ba iri ɗaya ba ne. Bari mu kasa su uku.

Akwai ɗan ƙwadago mai ciwon baya, wanda idan bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya. Akwai mai amosanin jini, wato sikila, wadda ciwon kan taso mata cikin dare kamar ana sara mata ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Akwai kuma mai ciwon daji da ya ci jiki, wadda aka sallamo daga asibitin birni aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne kimiyya ba amsa ɗaya ta ba mutanen nan uku ba.

Mai ciwon baya: ƙwayar ba ta kai yadda ake zato ba

A 2018, shekarar da fim ɗin ya fito, Dokta Erin Krebs da abokan aikinta a Amurka suka wallafa wani gwaji kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu. Rabi aka ba su dangin ofiyom, rabi aka ba su magunguna irin su farasitamol da danginsa. Bayan wata 12, 'yan rukunin ofiyom ba su fi sauran iya harkokinsu ba. Raɗaɗin ma ya ɗan fi sauƙi a ɗaya rukunin, illolin magani kuma sun fi yawa a masu ofiyom.

Dalili shi ne ciwo mai naci sau da yawa ba rauni ne kawai da ya ƙi warkewa ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon ne suke zama masu saurin amsawa, kamar lasifikar da aka murɗa ta ƙure, ko tari aka yi a gabanta sai unguwa ta ji. Daɗewa kan ofiyom a wasu mutane ƙara murɗa lasifikar yake yi.

Ga tiramol kuma akwai ƙarin haɗari. NAFDAC miligiram 50 da 100 ta amince da su, kuma ƙa'idar likitoci kada a wuce 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa akwai mai 200, mai 225, har mai 250. Ƙwaya biyu ka kai iyaka ko ka tsallake ta, kuma a nan ne farfaɗiya ke shigowa.

Don ka ga yadda ƙwayar nan ta shiga aikin gona a yankinmu, ji wannan. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun samu tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka fara murnar cewa bishiya na ƙera shi. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Michael Spiteller na Jamus ta bi sawu, ta nuna cewa manoma ne ke sha suna kuma bai wa shanun huɗa don su jure aiki, fitsari da kashinsu suka gurɓata ƙasa har saiwa ta tsotsa. Manomin da ya bai wa sansa tiramol ba nishaɗi yake nema masa ba. Aiki ne ya fi ƙarfin jiki. Binciken ƙasa da na ambata ya ce mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba. Fim ɗin da ya tsaya kan mai sayarwa da mai maye ba zai nuna maka cewa a bayan wannan adadi akwai gajiya da ciwo da talauci ba.

Mai sikila da mai ciwon daji: maganin na nan, amma ba ya isowa

A nan labarin ya juye. Ga matsanancin ciwon sikila da ciwon daji da ya yi nisa, mofin shi ne magani, kuma yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada. Ba shi da tsada. Amma a 2017 wani kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Felicia Knaul, ya lissafa cewa abin da Najeriya ke samu na irin wannan magani bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari na buƙatar masu jinyar da ke cikin azaba ba. Amurka kuwa tana samun fiye da ninki 30 na buƙatarta. Tun 2012 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fara shigo da garin mofin ana haɗa na sha, sai dai galibi a manyan asibitocin birane yake tsayawa.

Ka duba wannan juyin: a ƙauye, ƙwayar 225 da doka ta haramta ta fi kusa da hannun mutum a kan mofin ɗin da doka ta halatta. Mai neman ta farko ɗan taki kaɗan zai yi. Mai neman na biyu sai ya biya kuɗin mota zuwa birni, ya bi layi, ya ga likita, sannan a dace akwai shi a kantin asibiti.

Inda babu mofin, allurar fentazosin ce ke cike gurbi. Aikinta ba ya daɗewa, sai a yi ta maimaitawa. Likitocin Najeriya sun sha wallafa rahotannin masu sikila da suka koma yi wa kansu ita a gida, har naman cinya da na hannu ya ƙandare, gyambo ya ɓarke. Idan irin wannan yarinya ta zo asibiti tana kuka tana kiran sunan allurar da ta san tana yi mata aiki, sai a kalli juna a ce 'yar ƙwaya ce. Wadda ta shekara ashirin da ciwo dole ta san sunan maganinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Darasin Amurka, gaba da baya

Masu son a kulle komai sukan kafa hujja da Amurka, kuma suna da abin faɗa. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996 yana rage girman haɗarinsa, a 2007 ya amsa laifin yaudara a kotu. A 2021 kaɗai mutum fiye da 80,000 suka mutu a can sanadiyyar dangin ofiyom. Amma labarin yana da kashi na biyu da ba a cika faɗa ba. Bayan hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin taƙaitawa a 2016, likitoci da yawa suka tsorata suka yanke wa tsofaffin majinyatansu magani farat ɗaya. A watan Afrilun 2019 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa hakan na jawo azabar yankewa, da komawar ciwo, har da kashe kai. A 2022 aka sake rubuta ƙa'idojin.

Mu ma mun ga namu. Indiya ta tsaurara dokar tiramadol a 2018. A watan Fabrairun 2025 BBC ta sake fitar da wani bincike da ya nuna wani kamfani a Mumbai, Aveo Pharmaceuticals, yana turo wa Afirka ta Yamma haɗin tafentadol da karisofrodol da sunaye irin su Tafrodol, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi. An toshe rami ɗaya, ruwa ya ɓulle ta wani, domin abin da ke kai mutane ga ƙwayar yana nan inda yake.

Akwai wata hanya. A Yuganda, Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, ta fara haɗa mofin na ruwa mai araha. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa isa ƙauyuka. Da rajista, da lissafin kowace kwalba, da bibiya har gida. Tsaro da tausayi suka tafi tare.

To me ya rage mana?

Hukuncina kan "Sweet Sweet Codeine" shi ne: fim ne mai gaskiya da ya faɗi rabin labari, mu kuma muka karɓi rabin a matsayin duka. Ba a tsammanin fim ɗaya ya ɗauki komai. Laifin ya fi yawa a kanmu, masu bincike da 'yan jarida da hukumomi, da muka bar shi shi kaɗai yana magana.

Abin da ya kamata a ƙara a kai a bayyane yake. Asibitocin ƙananan hukumomi irin na Minjibir su samu mofin na sha da ma'aikatan da aka horar kan auna ciwo da riƙe rajista. Masu sikila su samu haidiroksiyuriya, maganin da tun 1995 aka nuna yana rage tasowar ciwon da kusan rabi a manya, wanda kuma aka yi gwajinsa kan yara a nan Kano, a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Masu ciwon baya su samu masu gashin ƙashi da koyar da motsa jiki kusa da gida. Wanda jaraba ta kama kuma a kai shi wurin likita kamar na Asibitin Dawanau, domin mari ba ya cikin magungunan da kimiyya ta sani.

Kai kuma mai karatu, idan kai ne mai ciwon ko wani naka, riƙe waɗannan. Idan ka daɗe kana shan tiramol ko wani ɗan'uwansa kullum, kada ka yanke rana ɗaya. Je ka gaya wa likita gaskiyar adadin da kake sha, a rage maka a hankali. Kada ka haɗa shi da maganin barci irin su diyazefam ko da giya, haɗin nan ne ke tsayar da numfashi. Ƙwayar da aka rubuta wa 200 ko 225 ba ta asibiti ba ce, ko wa ya miƙo maka. Ƙullin "maganin gajiya" da ake haɗawa a kemis ma a yi hattara, yawan shan diklofenak da ibufurofen na cin ciki da ƙoda. Idan ka ga wanda ya sha ya kasa farkawa, numfashinsa ya ja baya, ƙwayar idonsa ta tsuke, a garzaya da shi asibiti, akwai allurar naloksan da ke warware shi idan an kai da wuri. Maganin da likita ya rubuta wa majinyaci kuma a kulle shi, kada a bai wa maƙwabci don shi ma bayansa na ciwo.

Idan kuma 'yar'uwarka mai sikila ta ce maka ciwon ya taso, fara yarda da ita tukuna, sannan ka nemo mota.